Inna a Bakin Indararo

Daga Sibyl Thaxter, mai kifi a kasuwar Yarmouth, zuwa ga ɗan kawunta Osbert Gedney, mai sassaƙar dutse a Lincoln.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Emmot da yara. In ka tambaye mu, muna nan kalau. Ƙafar maigidana Piers ta sake kumbura, amma maƙogwaronsa na shan giya lafiya lau yake, don haka ban tayar da hankalina ba. Kifi ya zo bana har kyanwoyin bakin teku sun fara zaɓe.

Kada ka ga gangar kifin banda da Hamo mai keken doki ya sauke maka tare da wannan takarda ka ce Sibyl ta tuba ta koma kyauta. Ka san ni. Kifina bai taɓa tafiya ba ƙugiya a ciki ba. Ka ci tukuna, sannan ka ƙarasa karantawa.

To, ka ci? Ga ƙugiyar.

Tun da muka binne Inna cikin azumin gabanin Ista da ya wuce wani abu yake damuna, kuma ba wanda zan gaya wa sai kai, don a Yarmouth in ka faɗi damuwarka da safe, da rana sai ka tarar ana sayar da ita a layin masu kaguwa. Osbert, fuskar Inna ta fara ɓace mini. Muryarta tana nan daram. Ko jiya ina zuba gishiri a ganga na ji ta ce, "Ke Sibyl, ubanki ne ya haƙo gishirin?" har na rage hannu. Amma in na rufe ido sai in ga farin ɗankwalinta, in ga jajayen hannayen nan nata, tsakanin ɗankwali da wuya kuwa sai hazo. Na tambayi Piers yadda take, ya ce, "Ai kamarki take, sai dai ta fi ki shiru." Ka ji maƙaryaci. Ina Inna ina shiru.

Hamo ya ce cocin nan na bakin kasuwarku da kuke sake ginawa, duk inda bakan gizo ya sauka kan ginshiƙi akwai kan mutum na dutse, kuma kai ne kake sassaƙa su. Ya ce sarakuna ne da manyan limamai. To, sarakuna suna da masu tuna su. Ni Inna nake so ka sa mini. Ba sai na tuna maka wadda ta ɗauke ka ranar da teku ta cinye Kawu ba, ta raba mana gurasa biyu, kuma kullum taka ta fi girma, ina gani ina shiru. Hannunka ya san abin da kaina ya fara mantawa. Ka fito mini da ita kafin ta ɓace mana duka.

Ga yadda nake so, kada ka yi mini wayon magina. A ciki, inda ruwa ba ya taɓa ta, kusa da mala'iku. Hannaye a harɗe, ido a ƙasa, baki a rufe. Ka ba ta natsuwar da kasuwa ta hana ta.

Ka gaida Emmot. Ka ce mata kifin saman ganga a fara ci, na ƙasa zai kai ku sanyi.

'Yar gwaggonka,
Sibyl

*

Daga Osbert zuwa ga Sibyl.

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ƙaramar yarinya ta yi tari, ya sauka. Ki ce wa Piers ya ɗora ƙafar a kan kujera ya sauke kofin a ƙasa.

Kifi ya iso. Mun ci. Ƙugiyar ma na haɗiye.

Ki yi haƙuri da gajertar takardata. Ke kin zauna gaban limamin coci kin koyi alƙalami, ni kowane harafi ji nake kamar sassaƙa shi nake yi.

Sanyi ya matso. An rufe kawunan bango da ciyawa da kashin shanu kada ƙanƙara ta fasa kwaɓin, an sallami masu jera dutse. Mu masu sassaƙa muna rumfa har bazara. Ina da lokacin Gwaggo.

Ciki babu wuri. Attajiran ulu sun cinye ginshiƙan da fuskokinsu. Ɗaya ma ya zo ya tsaya a kaina sai na rage masa haɓa, yana da uku, ya ce in bar masa ɗaya.

Na je wajen sarkin magina. Ya ba ni wuri a waje, can sama a bakin rufi, gefen da ke kallon kasuwa, inda ruwa ke sauka. Ya ce in sa abin da na ga dama. Ko da an ba ni ciki ba zan kai ta ba. Nan ne ya dace da ita.

Na samo mata dutse. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ƙararrawa. Ba tsaga a ciki.

Ɗan kawunki,
Osbert

*

Daga Sibyl zuwa ga Osbert.

Ina gaishe ka don Inna ta koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Muna lafiya, in ban da ni da ka tsiyayar wa mutunci a tsakiyar kasuwa.

Da takardarka ta zo na karanta "can sama", sai na ce madalla, Osbert ya ɗaga Inna bisa attajirai. Ban bar rumfar da ban shiga ba. Na gaya wa Custance mai kaguwa, na gaya wa masu gishiri, har mai gyaran ganga kurman nan sai da na yi masa da hannu ya gane. Kowa ya san Inna, Avice Gedney, za ta hau coci a Lincoln.

Sai ga Hamo ya dawo gab da Kirsimeti, ya tsayar da kekensa a gaban rumfata, kasuwa cike. Ni kuwa, tsuntsun da ya ja ruwa, na ɗaga murya don kowa ya ji.

Na ce, "Hamo, ka ga tsohuwata?"

Ya ce, "Na gan ta, uwar ɗakina. Bari in sauke kaya mu yi magana a ciki."

Na ce, "Wane ciki? Faɗi a nan, masu hassada su sha da kunnensu. Ta yi kyau?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi dokinsa kamar dokin ne zai cece shi. Ya ce, "To, tana da hanci."

Na ce, "Kowa yana da hanci, sakarai."

Ya ce, "Ba irin wannan ba. Na rantse da dokina, kamar gwiwar maraƙi. Idanu ramuka ne, na zura yatsu sun shige. Goshi kamar teburin yanka kifi. Baki a wangame. Kuma an huda dutsen daga baya har gaba, na leƙa ta nan na hango ɗan'uwanki ta can yana cin gurasa."

Sai Custance, wadda Allah ya ba ta harshe ya hana ta haƙora, ta tafa hannu ta ce, "Ayyo! Ai indararo ke nan, ƙawata. Irin dodannin nan masu aman ruwa. Sannu Sibyl, Avice ta samu aiki a lahira!"

Na dawo gida na ɗauko takardarka na sake karantawa. "Inda ruwa ke sauka. Nan ne ya dace da ita." Ashe ka faɗa mini a fili, ni ce na saya ban buɗe ganga ba, ni da ban taɓa sayen kifi ban duba idonsa ba.

Kuma na san dalili, kada ka raina mini wayo. Ranar da za ka bar Yarmouth ka bi magina, ka sa sabuwar rigarka ta ulu ka tsaya ƙarƙashin tagar bene kana sallama, Inna ta leƙo ta juye maka tulun ruwan wankin kifi a ka, layi duka ana dariya. Shekaru nawa ke nan, kana riƙe da shi? Wa Inna ba ta juye wa ruwa ba? Ta juye wa Piers lokacin da yake nemana. Ta juye wa mai karɓar harajin kasuwa. Ni kaina sau nawa? Ba wanda ya mayar da ita dodo sai kai da ka ci babbar gurasa.

Ka fasa wannan dutse, Osbert. Gara ta ɓace mini gaba ɗaya da in rufe ido in ga gwiwar maraƙi, don tun ranar abin da nake gani ke nan. In ka ɗora shi, to ba ni ba kai, kuma 'ya'yanka su nemi wata gwaggo.

Sibyl

*

Daga Sibyl zuwa ga Osbert, karo na biyu.

Ina gaida Emmot da yara. Kai kuma in kana raye, to.

Azumi ya shiga, ba amsa. An ce ruwa ya shanye hanyar fadama, kekuna sun tsaya. Na ji. Amma mutumin da ya iya huda dutse bai rasa yadda zai huda ruwa ya aiko da layi biyu ba. Shirunka ya gaya mini abin da bakinka ya kasa.

Ka san abin da ake yi mini yanzu? Da an fara yayyafi sai matan layinmu su jeru a bakin rumfuna su ɗaga kai su wangame baki. Custance ce limamiyarsu. Rannan wani baƙo ya tambaya ko wata sabuwar ibada ce. Na sayar masa da kifi ninki biyu don haushi, amma bai rage mini komai ba.

Piers ya ce in bari, wai matattu ba sa jin ruwa. Na ce shi ma da rai ba ya jin ruwa, giya kawai yake ji.

To ka saurara. Da an yi bikin Ista, hanya ta bushe, zan hau keken Hamo. Ina zuwa da gudumar da nake rufe ganga da ita. Ba ta san dutse ba, amma za ta koya. An ce zumunta a ƙafa take. Tawa tana tafe, da guduma a hannu.

Sibyl

*

Daga Osbert zuwa ga Sibyl.

Ina gaishe ki. Ina raye. Yara lafiya, suna gaida gwaggonsu, ba su nemi wata ba.

Takardunki biyu tare suka iso, a jiƙe. Emmot ta shanya su a bakin murhu ta karanta mini. Da ta kai wajen matan da ke wangame baki sai da ta zauna don dariya.

Hamo bai yi ƙarya ba. Duk abin da ya faɗa haka yake. Bayan tafiyarsa ma na ƙara zurfin idon.

Ba zan fasa ba.

Abin da za a ɗora can sama ba a sassaƙa shi don wanda ke tsaye kusa. Nisa yana cin fuska. In na yi mata hanci daidai hanci, daga ƙasa ba za ki ga komai ba sai dunƙulen dutse. Dole a ba nisa rabonsa, abin da ya rage shi ne na mai kallo. Hamo ya ga rabon nisa.

Ban riƙe Gwaggo da komai ba. Rigar ma tana nan.

Ki zo. Ki zo da gudumar in kina so. Amma ki yi addu'a ki tarar da hadari.

Osbert

*

Daga Sibyl zuwa ga Osbert.

Gaisuwa, a taƙaice, don kayana a ɗaure suke.

"A tsaya daga nesa." Ni za ka gaya wa? Ɗan kawu, ni ma in kifi ya fara juyawa cewa nake wa mai saye, ja baya kaɗan ka ga yadda yake sheƙi. A kasuwa aka yanke mini cibiya. Kuma har da in roƙi hadari, don in ga uwata tana amai da idona? Ka kyauta.

Gobe muna tasowa. Ka ɓoye dutsen in ka iya.

Sibyl

*

Daga Sibyl, a gidanka na Lincoln, a kan teburinka, da alƙalamin da Emmot ta aro. A ba Osbert in ya dawo.

Ina gaishe ka. Ina lafiya, sai mura, kuma za ka ji inda na samo ta. Yaranka sun girma, babban ya ɗauko kunnuwanka, Allah ya ba shi haƙuri.

Na iso ƙasusuwana duk sun canja wuri, don keken Hamo ba ya tsallake rami, gaishe shi yake yi ɗaya bayan ɗaya. Na tarar ba ka nan. Emmot ta ce kun tafi mahaƙa da sarkin magina zaɓen dutsen hasumiya.

Na ce, "Ya gudu ke nan."

Ta ce, "Haba Yaya, aiki ne ya kai shi."

Na ce, "Duk wanda ya gudu haka matarsa ke cewa. Ina rumfar?"

Ko ruwa ban sha ba. Na soke gudumar a ɗamara, Emmot tana bina tana cewa in ci wani abu tukuna. Muka shiga rumfarku, ƙura ta ko'ina, kowa fari fat kamar masu niƙa. A kan wani benci na ga kai, hanci kamar gwiwar maraƙi, idanu ramuka. Na zaro guduma. Wani tsoho mai ido ɗaya ya yi tsalle ya rungume dutsen.

Ya ce, "Baiwar Allah, me mala'ika ya yi miki?"

Na ce, "Wannan ne mala'ika? To shaiɗan yaya yake?"

Ya ce, "Shaiɗan yana ƙarƙashin benci, bai bushe ba. Wannan na hasumiya ne. Wa kike nema?"

Na ce, "Uwata."

Ya dube ni da idon nan guda, ya daɗe, sannan ya washe baki ya ce wa sauran, "Ku zo ku ga hancin! 'Yar mai tulu ce!" Ya ce, "Kin makara, uwar ɗaki. Ta hau tun kafin Ista, an ma kwance katakan hawa na wannan gefen. In kina son fasa ta sai ki nemi fukafukai."

Na fito ina huci. Na ce ko da jifa ne sai na rage mata hanci. Muka zagaya cocin, ina ɗaga kai ina duba indararon ɗaya bayan ɗaya. Ga kare mai fukafukai. Ga wani ya sa yatsu ya yage bakinsa. Ga alade yana busa. Kowanne na zo sai gabana ya faɗi in ce ko ita ce. Sama kuwa ta yi baƙi ƙirin, ka ce kai ka aiko ta.

Muka fito gefen kasuwa. Na lura akwai wani fili a gindin bango da ba mai rumfa a ciki, alhali ko'ina a cushe. A matsayina na 'yar kasuwa ya kamata in tambayi kaina dalili, don ruwa ba ya tsami banza. Amma haushi ya rufe mini ido. Matarka, wadda nake ɗauka salihar mace, ta kama hannuna ta kai ni tsakiyar filin.

Ta ce, "Yaya, tsaya nan. A'a, matso kaɗan. Yauwa. Kada ki ɗaga kai tukuna."

Ita kuma ta koma ƙarƙashin rumfar wani mai cuku ta naɗe hannu. Aka fara yayyafi. Ta ce, "To, duba."

Osbert.

Ban ga dodo ba. Ban ga dutse ba ma. Inna na gani ta leƙo ta tagar bene. Gwiwar hannu ɗaya a kan dakalin taga, tulu a hammata, ɗankwalin ya zame baya kamar yadda yake yi in ta fusata. Hancin nan da Hamo ya ce, daga nan ƙasa hancinta ne sak, da ɗan karkacewar da yake da ita. Ramukan idon sun cika da inuwa sun zama idanunta, kuma ni suke kallo, ni kaɗai a duk kasuwar. Bakin a buɗe, ba irin buɗewar amai ba, buɗewar da take yi in ta cika ƙirji za ta kira sunana daga wannan layi zuwa wancan. Har gefen bakin na hagu da yake ɗagawa in tana faɗa tana danne dariya, wanda na manta sam, ga shi nan. Hazon da na gaya maka ya yaye lokaci guda. Na ji bakina ya ce, "Na'am, Inna," ban sani ba.

Ina nan tsaye baki sake, ruwan sama ya ƙarfafa, ya taru a rufi, ya bi ramin da Hamo ya leƙa ya gan ka kana cin gurasa. Ashe ramin ba bakinta ya nufa ba. Tulun ya nufa.

Ta juye mini shi a ka, ɗan kawu. Tun daga ɗankwali har takalmi. Sanyi kamar teku a tsakiyar hunturu.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mai cukun nan yana buga tebur yana cewa, "Ta samu wata! Gwaggo ta samu wata!" Wata mai ƙwai ta ce, "Matsa mana, baƙuwa, ba a tsayawa a nan!" Ban matsa ba. Na tsaya ina dariya ina kuka, ba mai iya bambancewa don ruwa ya rufa mini asiri. Gudumar ta zame daga ɗamara ta faɗi kan yatsan ƙafata, ko a jikina. Na tsaya har tulun ya koma ɗigo.

Mai cuku ya ba ni tsumma in goge fuska, ya ce, "Kin san ta ne?"

Na ce, "Ita ta haife ni."

Ya ce, "To ki ja mata kunne. Tun da ta hau ba ta bar kowa ba. Ranar Lahadi ta jiƙa attajirin ulu mai haɓa uku, da sabuwar alkyabbarsa. Shekaranjiya mai karɓar haraji."

Na ce, "Wannan tsohuwar gaba ce, tun daga Yarmouth."

Ya ce duk kasuwar Gwaggo suke ce mata. In hadari ya haɗu sai a ce ku kwashe kaya, Gwaggo za ta yi wanki. Ka ji? Ko wata biyu ba ta yi a garin mutane ba ta karɓe kasuwa.

Da ruwa ya tsagaita na shiga cikin cocin ina ɗiga. Ginin ya yi kyau, ba zan hana ka ba. Na bi ginshiƙan da ido har inda ɗaurin gugan ya haɗu, wuyana ya yi ciwo. Na ga attajiranka a jere cikin duhu, ido a ƙasa, baki a rufe, irin yadda na ce ka yi wa Inna. Ba mai kallonsu ko ɗaya. Da ka bi maganata ka sa ta a nan, da na binne ta sau biyu.

Kada ka jira in ce ka yi haƙuri. 'Yar kasuwa ba ta mayar da ciniki, sai dai ta yi gyara. Ga gyaranka: na bar maka gudumar, da ganga guda ba ƙugiya a ciki, karo na farko a rayuwata. Sai dai wata 'yar ƙarama. Tsohon nan mai ido ɗaya ya ce akwai sauran indararo a gefen arewa da ba a sassaƙa ba. Custance ba ta da haƙora, haɓarta tana taɓa hancinta, kuma ita ruwan ta baki nake so ya fito. Ba sai ka ba nisa rabonsa ba, yadda take ya isa.

Hamo yana kira. Na ce mu bi ta gefen kasuwa, kuma na riga na nuna masa inda zai tsayar da keke ya jira ni. Hadari yana haɗuwa.

Abu ɗaya ka gaya mini. Ta yaya ka riƙe ta haka, ni da na kwana ɗaki ɗaya da ita har ta tsufa na kasa?

'Yar gwaggonka, da gwaggon 'ya'yanka,
Sibyl

*

Daga Osbert zuwa ga Sibyl.

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe murar. Hamo ya iso nan yana atishawa, ya ce ba zai sake ɗaukar ki ba.

Guduma ta yi. Ina fasa gyaɗar yara da ita. Custance kuma a'a. Ba zan sa ta gini ɗaya da Gwaggo ba, rufin sabo ne.

Kin yi tambaya. Ke kin zauna da ita, kin gan ta ta kowane gefe, kin gan ta ta tsufa, fuskoki sun yi miki yawa. Ni guda ɗaya na tafi da ita. Ranar da ta juye mini ruwan, ke kina kallon rigata, layi yana kallon rigata. Ni na ɗaga kai. Tana zagina, gefen bakinta yana dariya, idonta cike da hawaye. Ruwan ta zubo don kowa ya kalle ni kada a kalle ta.

Ban taɓa ganin ta da kyau ba sai daga ƙasa. Shi ya sa na mayar da ita sama.

Kullum da safe ta gefen kasuwa nake bi zuwa rumfa. In ana ruwa ba na kaucewa.

Ɗan kawunki,
Osbert